Dattijon Gidan Ƙanƙara Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, Yaya, babba a masu gidan ƙanƙara, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki da maƙwabta, har da waɗanda suka sha yi masa ƙorafin hayaƙi, rasuwar babban injin dizal ɗin gidan, wanda kowa ya fi sani da Dattijo. Ya cika ne da rana tsaka, a ɗakinsa da ke bayan kwamin ƙanƙara, bayan doguwar jinyar da bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ba za a ce Allah Ya jiƙansa ba, don ƙarfe ne, kada malamai su tare mu a hanya. Amma dai Allah Ya ba waɗanda ya bari haƙuri, don su kam masu rai ne, kuma wallahi sun gaji.

Kamata ya yi wannan sanarwa ta fita da bakin mutum biyu, domin marigayin gadon mutum biyu ne: Yaya da ƙanensa Auta, wanda furfura ta cika masa gemu amma har gobe Auta ake ce masa. To, Auta bai sake taka gidan ƙanƙara ba tun ranar da abin ya faru. Ya tattara sifanoninsa a tsohon buhu ya fita, bai ce sai gobe ba, bai ce sai wata rana ba. Yaya ya yi ta jan ƙafa da sanarwar ko zai leƙo, har mutane suka fara jin labarin a bakin masu kifi. Duk wanda ya san gidan ya san ba injin ne ke hana Yaya sukuni ba. Tsoronsa kada a ce Auta ya tafi ke nan.

Ba a san shekarun marigayin ba. Mahaifinsu, Baba, ya sayo shi na hannu daga wata masana'anta da ta rufe, kuma tun a lokacin lambar da ke jikinsa ta goge. Abin da aka sani shi ne ya riski Yaya yana saurayi, ya riski Auta da gajeren wando, ya ga auren kowannensu, ya ga na 'ya'yansu. Da Baba ya rasu, 'yar'uwarsu ta ɗauki gidan kwana ta bar wa mazan injin, ta ce ita ba za ta gaji abin da ke tari ba. Aikinsa ɗaya ne tun farko: ya juya janareta, janareta ya ba kwampireso wuta, kwampireso ya sanyaya ruwan gishirin da ke kwami, gwangwanayen ruwan da aka jera a ciki su daskare. Wutar gari ta zo ta tafi yadda ta ga dama, shi kuwa Dattijo yana nan, dum-dum-dum-dum, tun kafin a buɗe shaguna har a rufe su.

An shaide shi da halin kirki, kuma babban halinsa shi ne ba ya ƙarya a kan lafiyarsa. Injinan yanzu sai su haska maka jar fitila su mutu, su bar ka tsaye kana susar ƙeya. Dattijo kuwa faɗa maka yake yi. In ya yi baƙin hayaƙi, numfashi ne ya yi masa wuya, a cire matatar iska a kaɗe ta. In an kaɗe bai daina ba, to wani nozul ne yake ɗiga maimakon ya fesa. In ya yi farin hayaƙi da sanyin safiya, ya daina da ya ɗumama, a ƙyale shi, tsufa ne, kowa ma haka yake tashi. In farin ya ƙi tafiya, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to a ɗaure ɗamara, gaskit ɗin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa ya ƙone. In muryarsa ta dinga hawa da sauka, wuu-uu, wuu-uu, kamar mai gyangyaɗi, iska ce ta shiga layin mai, ko matatar mai ta cika da dauɗa, ko kuma mai sayar da dizal ya sake yin halin nasa ya sirka da ruwa. Sau nawa aka kwance ƙasan tanki aka ga ruwa yana fita garau kafin man ya biyo baya! In kuwa allurar zafi ta haura, kafin a zagi kowa sai a fara taɓa fambel a ji ko ya saki, sannan a leƙa haƙarƙarin lagireto, don duk gashin kajin maƙwabta can yake taruwa.

Ya sha wahala a rayuwarsa, bai taɓa kai ƙara ba. An ba shi baƙin mai na jabu ya sha ya yi shiru. An ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa lokacin zafi, ya sunkuyar da kai ya ja. An taɓa ɗaure masa salansa da waya na tsawon damina guda, ana cewa gobe za a kai walda, bai ce komai ba sai ɗan ƙarin ƙara. Mutanen kirki ma ba kowa ke jure haka ba.

Ba za a ɓoye aibinsa ba. Dattijo yana da wuyar tashi. Akwai wata 'yar kafa a layin mansa da aka nema har aka gaji. An canja tiyo, an ɗaure, an sake ɗaurewa, an shafa sabulu ana neman kumfa, ina! In dai ya kwana a kashe, sai iska ta shige, man ya koma tanki. Don haka kowace safiya sai mutum biyu. Ɗaya ya durƙusa yana danna ɗan famfon hannu, ya sassauta noti har kumfa ta gama fita mai ya zo. Ɗayan ya tsaya ta wancan gefen, hannunsa a kan makulli, ya murɗa daidai lokacin. In ka yi gaggawa batir ya ƙare a banza, in ka yi nawa iska ta koma. Auta ne mai durƙuso, Yaya ne mai makulli, gangar jikin injin tana tsakaninsu, ba mai ganin fuskar wani.

Haka Baba ya raba musu gadon sana'a ba tare da ya yi niyya ba. Yaya ya ɗauko kunnensa. Yakan kafa dogon sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido, ya faɗi silindar da ba ta ƙona mai, kuma in an buɗe ita ce. Auta ya ɗauko hannunsa. Notin da ya gagari kowa, wanda tsatsa ta cinye wa kai, shi yake lallaɓa shi har ya kwance. Yaya bai iya gyara abin da ya ji ba, in ya riƙe sifana sai ya fasa yatsa. Auta kuma in ka bar shi da kunnensa, sai ya kwance rabin injin kafin ya kai ga ciwon.

Abin da ya shiga tsakaninsu ma a kan marigayin ne. Ba da daɗewa da rasuwar Baba ba, gaskit ya ƙone ana tsakiyar zafi, lokacin da masu kifi da masu lemo ke layi tun daga ƙofa har bakin titi. Aka ɗaga kan injin, aka sa sabon gaskit. Auta na ɗaure dogayen kusoshin kai, sai ɗaya ta ce ɗas, ta karye a ciki. Tsohuwar kusa ce, ko wa ya ja ta karyewa za ta yi. Amma Yaya a gajiye yake, ƙanƙara na narkewa a kwami, mutane na leƙe ta taga suna tsaki, sai baki ya suɓuce masa. A gaban ma'aikata da masu saye, har da surukin Auta da ya biyo gaisuwa, ya ce ai shi ya sa Baba bai taɓa barin Auta ya taɓa kan injin nan ba sai yana tsaye a kansa. Auta ya zauna ya haƙo guntun kusar da haƙuri, ya haɗa injin, injin ya tashi. Daga ranar bai sake yi wa Yaya magana ba. Yaya kuma da ya ga haka ya ce shi ne babba, ba zai fara ba.

Sai dai aiki ba ya yiwuwa da bebantaka, kuma nan ne marigayin ya karɓi aikinsa na biyu, wanda ba don shi aka saye shi ba. Washegari Auta ya durƙusa gefen famfo, kumfa ta ƙare, mai ya zo, ya rasa yadda zai ce a kunna. Sai ya dafa jikin injin ya ce, "Dattijo, gaya masa ya murɗa." Yaya ya murɗa. Da la'asar Yaya ya ji wani ƙas-ƙas a saman injin, ya tsaya gefensa ya ce Dattijo ya gaya wa mai sifana bawul na neman saiti. Auta ya zo ya saita. Shi ke nan, hanya ta samu.

Tun ana aikensa kan mai da iska, har aka koma aikensa kan komai. Dattijo ne ya gaya wa Yaya 'yar Auta ta sauka lafiya, an sami namiji. Dattijo ne ya gaya wa Auta ciwon sukarin Yaya ya tashi, kada a gan shi yana yawan zama a ɗauka lalaci ne. Bayan rasuwar matar Yaya, Auta ya shigo ɗakin injin ya daɗe a tsaye yana goge abin da ba ya bukatar gogewa, sannan ya ce Dattijo ya gaya masa ya yi haƙuri, mace ce ta gari, ita ta riƙe shi, shi Auta, yana yaro. Yaya ya ce Dattijo ya ce masa an gode. Duk cikin rurin injin ake wannan, kowa idonsa a kan ƙarfe, kuma rurin yana rufa musu asiri, don maganar da aka yi da ihu ba ta nuna rawar murya.

'Yar'uwarsu, wadda suke kira Ta Tsakiya don tsakaninsu aka haife ta, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi yaji da gidajensu duka biyun. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tsofaffin kawai irinsu ba, mutane da jikoki suna aiken ƙarfe. Kowannensu ya rantse mata shi ba ya gaba da kowa, ai kullum tare suke yini. Ta gaji ta sa musu ido. Ma'aikata ma suka saba, har sabon ma'aikaci in ya zo sai a ja shi gefe a ce kada ya yi dariya, haka gidan yake. Shi kuwa Yaya, a gaskiya, abin ya ishe shi tun tuni. Sau da yawa ya shirya maganar a hanya, ya zo ƙofa ya haɗiye ta. Yakan ce wa ransa ai ba gaggawa, tunda injin ba ya tashi sai da mutum biyu, Auta zai zo gobe.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Yaya ne ya fara ji. Tobo, wato abin nan mai kama da katantanwa da ke cusa wa injin iska, ya canja kuka. Da fiiii yake yi siriri, sai ya koma yana haɗawa da wani gurnani a ƙasa-ƙasa. Yaya ya gaya wa Dattijo ya gaya wa mai sifana tobo ba lafiya. A kwanakin kuma Auta ya zaro sandar auna baƙin mai ya ga ya ragu. Ya duba siminti, ba ɗigo ko ɗaya. Ya fita ya ɗaga kai ya ga hayaƙin salansa ya yi shuɗi-shuɗi. Ya dawo ya gaya wa Dattijo ya gaya wa mai kunne injin na shan mansa.

Duk wanda ya haɗa maganganun nan biyu zai ga ciwo ɗaya ne. Tobon ne ya saki, yana zubo baƙin mai cikin bututun iska, injin yana haɗiye shi tare da numfashi. Yaya ya gane haka. Yana kuma da yaƙinin Auta ya gane, don ya gan shi ya shafa bakin tiyon iska, ya kalli yatsansa, ya goge a wando. Maganin ma sananne ne: a kashe injin yini guda, a cire tobon a kai gyara. To amma kashe injin yini guda, ƙanƙara ta narke, masu saye su koma hannu wofi, wannan ba saƙo ba ne da za a aika. Shawara ce, sai an zauna an kalli juna, wannan ya ce ka yarda, wancan ya ce na yarda. Dattijo ya iya kai saƙo, bai iya zaman shawara ba. In Yaya ya ce a kashe don mai na raguwa, ya bi maganar Auta ke nan. In Auta ya ce a cire tobo, ya yarda kunnen Yaya ya riga idonsa. Sai kowa ya riƙe rabinsa yana maimaitawa kowace safiya, Auta yana ƙara baƙin mai, Yaya yana sauraro yana girgiza kai. Kai, abin takaici ne, kuma abin kunya ne ga masu furfura.

Ranar da zai cika, rana ta take, ana fito da ƙanƙara ana loda wa masu kura. Yaya na zaune kan benci a ƙofar ɗakin injin, sai ya ji dum-dum-dum ɗin ya fara sauri ba wanda ya taɓa shi. Fitilun gidan suka yi wani irin haske, ɗaya ta fashe. Ya shiga da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi, ya murɗa makulli ya kashe. Dattijo bai mutu ba. Auta ya faɗo ɗakin, ya rufe famfon tanki, ya finciko tiyon dizal gaba ɗaya. Dattijo bai mutu ba, sai ma ƙara hawa yake. Ya riga ya daina shan dizal, baƙin man cikinsa yake zuƙa ta bututun iska, kuma injin da ya kama wannan hanya babu makullin da ke tsayar da shi. Kukan da ya yi a lokacin ba wanda ya taɓa jin irinsa a bakinsa. Ba dum-dum ba ne, waaaa ne mai tsawo da ba ya yankewa, kwanon rufi na karkarwa, hayaƙi ya cika ɗakin har mutum ba ya ganin hannunsa. Ma'aikata da masu kura suka yi ta kansu, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Abu ɗaya ya rage, a toshe masa numfashi. A wannan karon ba wanda ya tsaya aiken kowa. Yaya ya rungumi tiyon iska ya tuge shi, Auta ya suro guntun katakon da yake durƙusawa a kai, suka kifa shi a bakin tobon, kafaɗa da kafaɗa, suka danne da duk ƙarfin da tsufa ya rage musu. Injin ya tsotsi katakon kamar zai haɗiye shi. Ya yi tari, ya shaƙe, ya fara sauka. Amma an makara. Aka ji ƙwaram daga ƙasa, sandar fistin ta fasa gefen cikinsa ta leƙo waje, baƙin mai mai zafi ya malale a siminti. Ya ce kaf, ya sake cewa kaf, ya yi shiru.

Yaya ya ce tun da yake bai taɓa jin irin wannan shirun da rana ba. Suna tsaye, hannuwansu har lokacin a kan katako, suna haki. Auta ya kalli hannun Yaya inda ƙarfe mai zafi ya sale masa fata, sannan ya juya ya dafa jikin injin kamar yadda ya saba, ya ce, "Dattijo, tambaye shi ko ya ƙone."

Babu rurin da zai rufe maganar. Ta fito fili ƙarara a cikin ɗakin, su biyun suka ji ta, suka kuma ji irin wautar da suka kwashe shekaru suna yi. Kunya ta kama su kamar an banko ƙofa an same su ba riga. Yaya ya buɗe baki zai amsa, ya rasa wa zai gaya wa. Kafin ya samo, Auta ya sunkuya ya tsince sifanoninsa ya fita.

An kira bakanike daga waje ya duba gawar. Ya haska ramin da tocila, ya zura hannu, ya ce ciki ya fashe, karanshaf ya lanƙwashe, wannan ba ya gyaruwa sai dai a yi haƙuri. Ya leƙa bututun iska ya ga baƙin mai kwance, ya tambaya ko ba wanda ya lura. Yaya ya ce an lura. Bakaniken ya tambaya to me aka tsaya jira. Yaya ya ce masa ya sha ruwa kafin ya tafi, akwai rana.

Marigayin ya rasu ya bar janareta, abokin zamansa da aka ɗaure su a kan ƙarfe ɗaya, lafiyarsa ƙalau amma ba mai juya shi. Ya bar kwampireso, da kwamin ruwan gishiri da ya huce ya fara wari, da gwangwanaye jere a rana suna tsatsa. Ya bar batura biyu, ɗaya na gida, ɗaya na aro daga wani direban babbar mota, wanda ya aiko da ta'aziyya da safe ya aiko a mayar masa da kayansa da yamma. Ya bar telan da ke maƙwabtaka, wanda aka ja wa waya ta katanga don zumunci, yanzu ya koma taka keke da ƙafa yana cewa ashe gwiwa ma tana tsufa. Ya bar wata kyanwa da ke kwana a gefensa don ɗumi, ta zo ta zagaya shi ta shinshina ta koma gidan burodi. Kafar nan ta layin mai kuwa ya tafi da sirrinta, har yau ba wanda ya san inda take.

Masu kifi sun zo gaisuwa. Babbarsu, tsohuwar da ke sayen ƙanƙara tun zamanin Baba, ta tsaya a ƙofa ta yi addu'a mai tsawo, Allah Ya mayar da alheri, sannan ta rage murya ta tambaya ina ake samun ƙanƙara mai kyau a tsallaken titi. Yaya da kansa ya kwatanta mata, har ya gaya mata wanda ba ya cika gwangwani. Ma'aikata sun watse neman abinci, ba a riƙe kowa ba.

Babban ɗan Yaya ya zo da hoton sabon inji a waya. Ƙarami ne, fes da shi, ba hayaƙi, ba ƙara, ga shi ba ya shan mai. Ya yi ta yabonsa, har ya zo kan abin da yake ganin ya fi komai, ya ce wannan maɓalli ɗaya ake dannawa ya tashi, mutum ɗaya ya isa, ba sai an jira kowa ba. Yaya ya miƙa masa wayarsa ya ce ya ji, a bari tukuna. Ɗan ya tafi yana cewa tsoho ya cika son tsohon abu, bai san abin da ya taka ba.

Ta Tsakiya ta je gidan Auta. Ta same shi zaune a zaure, buhun sifanoni a gefensa bai ko kwance ba. Ya ce mata shi ba fushi yake ba, amma aiki ya ƙare, to ya je ya yi me, ya ce wa wa? Ta dawo ta faɗa wa Yaya. Yaya ya ce to in ta koma ta gaya masa, sai ta katse shi tun bai ƙarasa ba.

"Yaya, ni ba Dattijo ba ce," ta ce. "Ba zan gaje shi ba. Kana da baki."

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba a sa rana ba tukuna. Lokacin da Baba ya kawo marigayin, sai da aka dasa shi a kan siminti sannan aka gina ɗakin aka zagaye shi, don haka ƙofar ta yi masa kaɗan, ba ya fita gaba ɗayansa. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya gani, ya ce zai kawo wutar gas ya yanyanka shi, kafin azahar an share wuri. Yaya ya ce a'a. Injin da ya ciyar da gidaje uku ba za a daddatsa shi kamar itace ba, za a kwance shi ne noti bayan noti, a fitar da shi gaɓa-gaɓa cikin mutunci. Kuma rabinsa ba na Yaya ba ne, ba zai sallama abin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Mai ƙarafan ya ce duk ranar da aka shirya a neme shi. An lulluɓe gawar da tampol, an zuba yashi a kan man da ya malale.

Ana karɓar gaisuwa kowace safiya a kan bencin ƙofar ɗakin injin, inda Yaya ke zama tun daga lokacin da aka saba tayar da marigayin har rana ta yi zafi. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawarar sabon inji, an gode, an ji. Kada kuma a tambayi yadda aka yi, ga shi an faɗa. A yi haƙuri da ruwan da za a ba baƙi, ba sanyi.

Da aka zo ƙarshen wannan sanarwa, aka tambayi Yaya ko akwai abin da za a ƙara. Ya tashi ya je gaban tampol ɗin, ya ɗaga hannu zai dafa, ya ce, "Dattijo, gaya..." sai ya tsaya. Sannan ya sauke hannun, ya dawo ya zauna, ya ce a rubuta wannan yadda ya faɗe shi, kada a gyara masa, kada a sa shi a bakin kowa:

"Auta, ni ne. Na ƙone, amma kaɗan ne, ya fara warkewa. Ka zo, ko ba aiki."